Gidan McMahon: iyalin da suka riƙe fagen reslin shekara saba'in

A ƙasar Gwandu, daga Dodoru har Kalgo, idan aka ce wane ya gaji kokawa, kowa ya san abin da ake nufi: uban ya kayar da maza, ɗan ya tashi da ƙirjinsa, makaɗin da ya wasa uban shi zai ɗora da ɗan. Wanda ya share fili bayan kaka ya kira makaɗa, ba kasafai ake tuna sunansa ba. Ko a ƙetaren iyaka, a gasar takobi ta Nijar da aka fara a Tawa a 1975, sunan Kantu da Salma Ɗan Rani da Isaka Isaka na Doso ake riƙewa, ba na masu sayar da tikiti ba. Reslin ɗin Amurka da samarinmu ke kallo a waya da gidajen kallo ya kifar da wannan lissafi. Gidan da ya fi kowane gida ƙarfi a sana'ar, gidan McMahon, bai yi suna da ƙarfin damtse ba. Fage suka mallaka, kuma a reslin mai fage ne ke yanke wanda zai sha ƙasa tun kafin a tuɓe riga.

Kakan gidan, Jess McMahon, an haife shi a New York a 1882, iyayensa kuma baƙi ne daga Ireland. Dillalin wasanni ne mai hancin kuɗi. A 1911 shi da ɗan'uwansa suka kafa wata ƙungiyar ƙwallon baseball ta baƙaƙen fata mai suna Lincoln Giants, a zamanin da manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata. Daga 1925 ya zama mai haɗa 'yan dambe a babban zauren Madison Square Garden, sai a 1932 ya fara shirya reslin. Ya rasu a 1954. Abin da ya bar wa ɗansa bai kai masarauta ba, amma ya bar masa suna da hanyar shiga wancan zaure, kuma a New York wannan jari ne.

Kamfanin da yau ake kira WWE ya yi wasansa na farko a Janairun 1953 da sunan Capitol Wrestling Corporation. Masu rubuta tarihin sana'ar sun saɓa a kan ko uban ne ya kafa shi ko ɗan, amma wanda ya raine shi ba a musu: Vincent James McMahon ne, wanda ake kira Vince Babba. A lokacin masu shirya reslin sun raba Amurka yanki-yanki ƙarƙashin wata ƙungiya, NWA, da aka kafa a 1948. Kowa da garuruwansa da tashar talbijin ɗinsa, ba mai shiga gonar wani, zakaran duniya guda ɗaya kuma yana zagayawa kowa ya ci arziki da shi. Rabon Vince Babba ya faɗo a kan arewa maso gabas, inda New York da Washington da Boston suke, wato inda mutane da kuɗi suka fi yawa. Tun 1956 ya sa wasanninsa a talbijin daga Washington, domin ya gane cewa kallon kyauta a gida shi ke tura mutum sayen tikiti.

A 1963 aka samu saɓani a kan kambun duniya, bayan Lou Thesz ya karɓe shi daga Buddy Rogers a Toronto. Vince Babba da abokin cinikinsa Toots Mondt suka ɓalle, suka kafa WWWF, suka ce Rogers ne zakaransu domin wai ya ci wata gasa a Rio de Janeiro. Gasar ba a taɓa yin ta ba. Kambun da ake rububi a kansa har yau, a kan wannan tatsuniya aka aza tubalinsa. Ranar 17 ga Mayun shekarar Bruno Sammartino ya kayar da Rogers cikin daƙiƙa 48, ya riƙe kambun har Janairun 1971.

A nan basirar Vince Babba take. New York gari ne na baƙi, kowace unguwa da harshenta. Sammartino haifaffen Italiya ne, sai 'yan Italiya suka riƙa cika zauren wata bayan wata don ganin nasu. Da ya gaji, aka miƙa kambun ga Pedro Morales saboda 'yan Puerto Rico. Mai gidan kansa ba ya fitowa gaban kyamara. Yana bayan fage yana kaɗa tsabar kuɗi a tafin hannu, yana ƙulla ciniki da musafaha. Ko da ya ɓalle bai yanke zumunci ba: ya koma NWA a 1971, kuma ƙaton nan ɗan Faransa, André the Giant, aro yake ba da shi ga sauran yankuna kowa ya samu.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Vincent Kennedy McMahon, wanda duniya ta fi sani, an haife shi a 1945 a North Carolina, ya tashi cikin talauci a hannun uwarsa da mijinta, har sunan mijin uwar yake amsawa. Sai da ya shekara 12 ya san ubansa. Ya so ya zama ɗan kokawa uban ya hana, ya ba shi aikin sharhi a talbijin da kula da wasanni a wani ƙaramin gari, Bangor. Ya gwada wasu sana'o'in, shi da matarsa Linda suka karye a 1976, suka sake tashi da kamfanin Titan Sports a 1980.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Vince Ƙarami bai ci gado ba. Saye ya yi. A 1982 ya sayi kamfanin daga ubansa da abokan hulɗarsa uku a kan kimanin dala miliyan ɗaya, biya kashi-kashi, da sharaɗin idan ya saɓa wa'adi ɗaya kamfani ya koma hannun masu shi, abin da ya biya kuma ya tafi. Uban ya tabbatar wa tsoffin abokansa cewa yaron ba zai taɓa yankunansu ba. Yaron kuwa da wata niyya ya zo. A 1991 ya faɗa wa mujallar Sports Illustrated da bakinsa cewa da uban ya san abin da zai yi, da bai sayar masa ba.

Dabarar mai sauƙi ce, sai dai ba ta da tausayi. Ya riƙa biyan tashoshin garuruwan wasu don su nuna kasetinsa, ya hau talbijin mai kebul da ba ta san iyakar yanki ba, sannan ya zawarci gwanayen kowa da kuɗi. Hulk Hogan, wanda uban ya taɓa sallama saboda ya shiga fim ɗin Rocky III, shi ɗan ya ɗauko daga hannun wani mai yanki, Verne Gagne, ya ɗora masa kambu a Janairun 1984. Wata huɗu bayan haka Vince Babba ya rasu da ciwon daji, bai ga WrestleMania ta farko ba, wadda aka yi ranar 31 ga Maris 1985, aka gayyato Muhammad Ali da mawaƙa da 'yan fim. Iyalin sun zuba kusan duk abin da suke da shi a wannan dare, kuma ta fisshe su. A 1987 kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka ga Hogan ya ɗaga André. Masu bin ƙwaƙƙwafi suna ganin an yi wa adadin gishiri, abin da ba baƙo ba ne a gidan da ya ƙago gasar Rio.

Sauran gidajen sana'ar, waɗanda su ma uba da 'ya'ya ne, suka bi layi. Stu Hart na Kanada ya sayar masa a 1984, iyalin Crockett suka sayar wa attajiri Ted Turner a 1988, kamfanin Gagne ya rufe a 1991. A 1989 kuma kamfanin McMahon ya tona asirin da 'yan sana'ar suka yi shekaru suna rantsuwa a kansa: ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa reslin nishaɗi ne shiryayye, don a fitar da shi daga ƙarƙashin hukumar wasanni da harajinta. Tsofaffi suka ce an kashe sana'a. Masu kallo ko a jikinsu.

Shiryayye ne, amma faɗuwar ta gaske ce, kuma a ganina nan ne tarihin gidan ya fi muni. 'Yan wasan ba ma'aikata ba ne a takarda, 'yan kwangila ne, ba su da ƙungiyar ƙwadago. Ɗan wasa Jesse Ventura ya yi yunƙurin kafa ta a 1986 abin ya ci tura. A 1994 gwamnatin Amurka ta gurfanar da Vince kan zargin rarraba magungunan ƙara ƙarfi, kotu ta wanke shi. Ranar 23 ga Mayun 1999 ɗan wasa Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City ya mutu, aka ɗauke shi, aka ci gaba da wasa.

Turner ne kaɗai ya taɓa girgiza gidan. Kamfaninsa WCW ya yi mako 83 a jere yana gaban na McMahon a yawan masu kallo. Abin da ya ceci Vince shi ne karya dokar ubansa ta ƙarshe, ta ɓuya a bayan fage. Bayan ya yaudari zakaransa Bret Hart a Montreal a Nuwamban 1997, ya sa aka buga ƙararrawa aka ƙwace masa kambu ba da saninsa ba, jama'a suka tsane shi, sai ya mai da tsanar haja. Ya zama mugun mai gida a cikin labarin, ɗan wasa Steve Austin yana jibgarsa kowane mako, ma'aikatan da ke jin haushin shugabanninsu suna huce takaici. Har kambun ya rubuta wa kansa a 1999, yana ɗan shekara 54. Ya jawo matar da 'ya'yan biyu, Shane da Stephanie, cikin wasan: uba ya dambace da ɗansa a 2001, ya kara da 'yarsa a 2003 saura kwanaki a ɗaura mata aure da ɗan wasa Triple H. Bahaushe zai riƙe baki, amma kuɗi suka shigo. A Maris 2001 ya saye WCW da 'yan miliyoyin daloli, a 2002 kuma shari'a da wata ƙungiyar kare namun daji mai irin sunan kamfaninsa ta tilasta masa sauya sunan zuwa WWE.

Tun 1999 da aka kai kamfanin kasuwar hannun jari, iyalin suka keɓe wa kansu wani nau'in hannun jari mai ƙuri'a goma-goma, ta yadda kuɗin na jama'a ne, iko na mutum ɗaya. Kasuwa ta yi ta faɗi: yarjejeniyar shekara goma da Saudiyya a 2018, da 'yan wasa daga ko'ina, har da haifaffun Legas irin su Omos da Oba Femi. Tambayar da ta rage ita ce wa zai gada. Shane ya bar kamfanin a ƙarshen 2009, Linda ta tafi siyasa, ta faɗi takarar sanata sau biyu, a 2025 ta zama sakatariyar ilimi a gwamnatin Trump. Ido ya koma kan Stephanie.

A 2022 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa Vince ya biya mata huɗu sama da dala miliyan 12 don su yi shiru kan zarge-zargen lalata. Ya yi murabus a Yuli, Stephanie ta hau kujera. Ba ta cika wata shida ba uban ya yi amfani da ƙuri'unsa ya dawo da ƙarfin tsiya a Janairun 2023, ita kuma ta ajiye aiki. Rigimar da suka yi shekaru suna sayar wa jama'a a matsayin wasa ta zo ta gaske, kuma mutumin da ya sayi kamfani daga ubansa bai miƙa wa 'yarsa ba. A Afrilu ya ƙulla ciniki da kamfanin Endeavor, aka yi wa WWE kuɗi dala biliyan 9.3, aka haɗe shi da kamfanin faɗa na UFC ƙarƙashin sabon kamfani, TKO, wanda Endeavor ya ɗauki kashi 51 cikin ɗari. A Janairun 2024 wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar da ƙara da zarge-zarge masu nauyi. Vince ya musanta, amma ya sauka daga kujerar da ta rage masa.

A watan ne kuma aka sanar da cinikin dala biliyan 5 da Netflix na shekara goma, kuma tun Janairun 2025 a can ake nuna shirin WWE mai suna Raw. Wanda ke yanke wa zai kayar da wa a yau shi ne Triple H, surukin gidan, kuma shi ɗin ma'aikaci ne mai albashi a kamfanin wasu.