Rasuwar Mungo Park a Busa da Takardar da Aka Samu a Kumasi

Tun kafin a kafa Zangon Kumasi na yau, inda unguwar Alabar take, akwai malamai da fatake Musulmi a birnin Asante. A wurinsu ne Baturen Ingila T. E. Bowdich ya sami wata takarda ta Larabci a 1817, wadda ke ba da labarin mutuwar Mungo Park a Busa, ƙasar Bargu. Ba abin mamaki ba ne labarin ya kai can, domin hanyar fataucin goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ta ratsa Bargu.

Park ya bar Sansandin a cikin kwale-kwale a watan Nuwamba 1805, yana neman inda kogin Kwara ya ƙare. Daga cikin Turawa sama da 40 da suka taso daga Gambiya, biyar kaɗai suka rage. Ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Bayanin da aka fi dogaro da shi na jagoransa ne, Amadi Fatuma, wanda aka buga a 1815. Ya ce Sarkin Yawuri ne ya tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, saboda kyautarsa ba ta iso shi ba, har Turawan suka faɗa ruwa suka nutse. To amma shi Amadi a Yawuri ya rabu da su. Ji ya yi daga bakin bawa guda da ya tsira. Kuma mutumin da ya bar ubangidansa gab da halaka yana da dalilin gyara zance. Ta yaya ma mayaƙan Yawuri za su yi yaƙi a ƙasar Sarkin Busa?

Takardar Kumasi ba ta warware matsalar ba. Mutum biyu suka fassara ta, Salame da Jackson, fassarar kowa ta saɓa da ta ɗan'uwansa, abin lura ga ɗalibin fassara.

Sai kuma littafin da Park yake rubuta tafiyarsa. Clapperton ya neme shi a 1826, Lander a 1830, amma abin da aka nuna wa Lander a Busa littafin lissafi ne kawai. Tsohon garin Busa kuwa, tafkin Kainji ya shanye shi a 1968.