Zayyana da Ƙirar Fitilar Bakan Lantarki Mai Iskar Zenon: Nazarin Zafi, Matsi da Maliƙa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake zayyana da ƙera fitilar zenon mai gajeren baka, wadda ake amfani da ita a majigin sinima da madubin likita da na'urorin gwajin hasken rana. An bi sassan fitilar ɗaya bayan ɗaya, wato iskar da ke ciki da ƙwai da katod da anod da maliƙa, aka auna kowanne da lissafi mai sauƙi bisa sanannun sifofin kayan da aka yi shi da su. Nazarin ya gano cewa iyakar ƙarfin fitilar da tsawon rayuwarta suna rataye ne a wuraren da ƙarfe da gilashi da iska suke haɗuwa, domin a nan ne ake saukar da zafi daga digiri dubbai zuwa 'yan ɗaruruwa cikin tazarar santimita kaɗan.

Muhimman kalmomi: bakan lantarki, zenon, gilashin kwats, tangistin, molibdinam, maliƙa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban rumfar mai walda ya ga bakan lantarki, wato wannan farar wuta mai kashe ido da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe. Wutar lantarki ce ke ratsa iskar da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka saki ilaktiron, ta koma mai ɗaukar lantarki. Humphry Davy ya nuna irin wannan baka tsakanin sandunan gawayi biyu a Ingila tun farkon ƙarni na 19, kuma fitilar gawayi ta daɗe tana haska majigin sinima. Aibinta shi ne sandunan suna cinyewa a buɗaɗɗiyar iska, suna fitar da hayaƙi da toka, sai an tsaya a kansu ana matso su. Mafitar da masana suka bi ita ce kulle bakan cikin gilashi, a cika shi da iskar da ba ta cin ƙarfe.

Kulle bakan ya kawar da matsala ɗaya, ya haifar da wasu uku: yadda gilashi zai jure matsi da zafi a lokaci guda, yadda ƙarafan kai biyu, wato katod da anod, za su daɗe ba su narke ba, da yadda za a shigar da wutar lantarki ta cikin gilashi ba tare da iska ta tsere ba, wato aikin maliƙa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka warware waɗannan matsaloli, da kuma gano wadda ta fi takura mai zayyana.

1.1 Hanyar Nazari

An ɗauki fitilar majigi mai kilowat 3 a matsayin ma'auni, wadda ke aiki da kimanin bolt 30 da ampiya 100. Girman ƙwan da kaurin bangonsa da aka yi lissafi da su misali ne na zayyana, an zaɓe su ne don su yi kusa da na fitilu masu wannan ƙarfi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1901 Peter Cooper Hewitt ya fito da fitilar tururin zaiba a Amurka. A 1906 Küch da Retschinsky na kamfanin Heraeus a Jamus suka nuna cewa idan aka yi ƙwan da gilashin kwats za a iya ɗaga matsin tururin, hasken ya ƙaru. Dennis Gabor, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1971, ya samar da maliƙar fallen molibdinam lokacin da yake aiki a kamfanin Siemens a Balin, tsakanin 1927 da 1933. Ita kuwa zenon, William Ramsay da Morris Travers ne suka gano ta a 1898, amma sai a 1944 binciken Paul Schulz a Jamus ya jawo hankali kan cewa bakanta yana ba da haske mai kama da na rana. Kamfanin Osram ya mayar da binciken haja a farkon shekarun 1950, aka kuma nuna fim da fitilar a bainar jama'a a Balin a 1950.

3.0 Zaɓen Iska da Cika Ƙwai

Zenon tana da tsada saboda ƙarancinta, domin a cikin kashi miliyan ɗaya na iskar duniya ba ta kai kashi 0.09 ba. Duk da haka dalilai uku suka sa aka fifita ta. Na farko, ƙarfin da ake buƙata don ɓamɓare ilaktiron daga ƙwayarta ilaktiron-bolt 12.1 ne, alhali na kiriptan 14.0 ne, na agon kuwa 15.8. Na biyu, ƙwayarta mai nauyi ce, ba ta saurin kai zafi bango, kuma tana rage guduwar tururin tangistin daga katod. Na uku, a babban matsi haskenta yana cike dukkan launukan da ido ke gani, da zafin launi kusan kelbin 6000, wanda ya yi daidai da hasken rana tsaka. Rauninta shi ne kaso mai yawa na ƙarfin yana fita a zangon nanomita 800 zuwa 1000, inda ido ba ya gani, abin da ya sa ba ta wuce lumen 50 a kowane wat. Kiriptan ma tana da nata gurbin: haskenta na kusa da nanomita 810 ya dace da abin da sinadarin niyodimiyam na cikin leza ke sha, shi ya sa ake cika dogayen fitilun kunna leza da ita.

Ana cika fitilar zenon da matsin atmosfiya 5 zuwa 15 tun tana sanyi. Tambayar ita ce, ta yaya za a narka bakin gilashi a rufe shi alhali iskar ciki tana turowa waje da irin wannan ƙarfi? Masu ƙira suna fara zuƙe iskar ƙwan ta wani siririn bututu, su gasa shi don ya saki danshi, sannan su shigar da awon zenon da ake so. Daga nan sai a tsoma gindin ƙwan cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tun da zenon tana daskarewa a digiri 112 ƙasa da sifili, sai ta koma ƙanƙara ta manne a bango, matsin ciki ya faɗi ƙasa da na waje. A wannan hali ne ake narka bututun da wuta, iskar waje da kanta ta matse shi ya rufe. Ɗan kurjin da ake gani a jikin ƙwan tabon wannan aiki ne.

4.0 Ƙwan Fitila

Bangon ƙwan yana kai digiri 600 zuwa 900 a lokacin aiki, matsin kuma yana ninkawa sau uku zuwa huɗu. Gilashin yau da kullum ba zai jure ba, sai gilashin kwats, wanda ba ya laushi sai ya wuce digiri 1600, kuma miƙewarsa kashi 0.55 ce kacal cikin miliyan a kowane digiri.

Siffar ƙwan ma lissafi ce ta kawo ta. A dunƙulallen ƙwai, jan da bango ke sha shi ne matsi sau rabin faɗi, a raba da ninki biyu na kauri. Idan matsi megafaskal 3 ne, wato kusan atmosfiya 30, rabin faɗi milimita 30, kauri milimita 4, jan zai kama megafaskal 11. Da a ce bututu ne mai faɗi da kauri iri ɗaya, da jan ya ninka zuwa sama da 22. Kwats lafiyayye yana karyewa a kusan megafaskal 50, kuma ƙarzuwa ɗaya tana rage wannan adadi ƙwarai. Wannan ne ya sa ake hura ƙwan ya zama kamar ƙwan kaza, a kuma gasa shi a hankali bayan ƙira don a sauke ragowar ja.

Ƙarfin da ke ƙunshe cikin iskar wannan ƙwai ya kai kusan jul 490, daidai da buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsawon mita ɗaya, kuma yana fita ne a ƙiftawar ido tare da tarwatsattsen gilashi. Saboda haka ake ajiye fitilar cikin kube, mai canza ta kuma ya sa garkuwar fuska da safar hannu. Safar tana kare fitilar ma, domin gishirin gumin yatsa yana sa kwats mai zafi ya koma ƙirar lu'ulu'u, wurin ya yi fari ya yi rauni. Haka nan ana gauraya kwats ɗin da ɗan sinadarin titaniyam don ya tare hasken da bai kai nanomita 240 ba, wanda shi ne ke mayar da iskar shaƙa ta zama ozon.

5.0 Katod da Anod

Dukkansu da tangistin ake yin su, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3422, amma siffarsu ta bambanta domin aikinsu ya bambanta. Katod ƙarami ne mai tsini, daga bakinsa ilaktiron ke fita, kuma a gabansa ne ɗigon da ya fi ko'ina haske yake, wanda madubin majigi ke tattarowa. Tsantsar tangistin yana buƙatar ilaktiron-bolt 4.5 kafin ya saki ilaktiron. Idan aka gauraya shi da kimanin kashi 2 cikin 100 na sinadarin toriyam, adadin yana sauka zuwa kusan 2.6, sai tsinin ya ba da wutar da ake so a zafin da ya yi ƙasa da ɗaruruwan digiri. Kasancewar toriyam yana fitar da burbushin nukiliya ya sa wasu masu ƙira suka koma ga sinadarin lantanam.

Anod kuwa shi ne matattarar zafi. Kowane ilaktiron da ya shige shi yana sauke aƙalla ilaktiron-bolt 4.5, don haka ampiya 100 tana zuba masa wat 450 tun kafin a lissafa zafin bakan. Tangistin mai zafin kelbin 2000 yana fitar da kimanin wat 27 daga kowace murabba'in santimita, idan aka ɗauki ƙimar fitar da zafinsa a 0.3. Ke nan ana buƙatar fili kusan murabba'in santimita 17 don wannan kaso kaɗai. Wannan lissafi ya bayyana dalilin da ya sa anod yake dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ake kuma kausasa jikinsa ko a shafe shi da garin ƙarfe. A manyan fitilu, irin mai kilowat 15 ta majigin IMAX, girma kaɗai ba ya isa, sai an ratsa ruwa ta cikin ƙarfen.

6.0 Maliƙa

A nan ne gizo ke saƙa. Tangistin yana miƙewa kashi 4.5 cikin miliyan a kowane digiri, ninki takwas na kwats. Idan aka narka kwats kai tsaye a jikin sandar tangistin, gilashin zai sandare a wajen digiri 1100, sannan su sauka tare zuwa zafin ɗaki. Bambancin tsukewarsu zai kai kashi 0.4 cikin 100, alhali kwats yana tsagewa idan aka ja shi da kashi 0.07 kawai. Ko dai gilashin ya tsage, ko ƙarfen ya saki jikinsa ya bar ƙofa.

Hanyoyi biyu ne suka kafu. Ta farko ita ce fallen molibdinam mai kaurin maikiron 20 zuwa 30, wanda ake sirance gefunansa kamar bakin aska. Saboda sirantarsa, fallen ne ke ba da kai ya miƙe ya bi gilashin. Sai dai falle mai faɗin milimita 10 da kaurin maikiron 25 kashi ɗaya cikin huɗu na murabba'in milimita ne kawai, ba zai ɗauki ampiya 100 ba, sai an jera fallaye da dama a zagaye. Ta biyu ita ce maliƙa mai hawa-hawa, inda ake liƙa wa sandar gilashin da miƙewarsa ta kusa da ta tangistin, a bi shi da wasu gilasai masu raguwar miƙewa har a kai ga kwats. Wannan tana ɗaukar wuta mai yawa, amma gilasan tsakanin ba su kai kwats jure zafi ba.

Kowace hanya aka bi, dole maliƙa ta zauna da sanyi. Molibdinam yana fara tsatsa da sauri a iska idan ya wuce kimanin digiri 350, tsatsar ta kumbura ta tsaga gilashin daga waje zuwa ciki. Dogayen wuyoyi biyu da ke sa fitilar ta ninka ƙwanta tsawo sau da yawa an yi su ne don wannan saukar zafi.

7.0 Sakamakon Nazari

Na farko, siffar kowane sashe amsa ce ga tambayar zafi: tsinin katod don ya yi zafi, kaurin anod don ya huce, tsawon wuya don maliƙa ta tsira. Na biyu, gyaran sashe ɗaya yakan ɗora nauyi kan wani. Ƙara matsi yana ƙara haske yana rage baƙin da tururin tangistin ke yi wa bango, amma yana neman bango mai kauri, yana kuma ɗaga bolt ɗin kunnawa, wanda dama ya kai dubu 20 zuwa 40. Rage tazarar baka yana ƙara ƙyallin ɗigon haske, amma yana rage bolt, sai a ƙara ampiya, nauyin ya koma kan anod da maliƙa. Na uku, abin da ke wajen fitilar yana cikin zayyanarta. Wutar da ke rawa fiye da kashi 10 cikin 100 tana farfasa tsinin katod, yawan kunnawa yana zaizaye shi, fitilar da aka kwantar kuma takan buƙaci mayen ƙarfe don ya danne bakan da iska mai zafi ke ɗagawa sama.

8.0 Kammalawa

Majigin leza yana karɓe gurbin zenon a gidajen sinima da dama, amma wuraren da ke buƙatar cikakken launin rana daga ɗigo guda, kamar gwajin kodewar fenti da awon faifan sola, har yanzu da ita suke aiki. Nazarin ya nuna cewa ratar tsira ta fi ƙanƙanta a maliƙa, inda bambancin miƙewa ya ninka abin da gilashi ke jurewa kusan sau shida, sannan a tsinin katod. Don haka ana ba da shawarar bincike na gaba ya karkata ga rufin da zai hana molibdinam tsatsa sama da digiri 350 da kuma katod maras toriyam mai daɗewa. Masu kula da na'urori kuwa, kafin su ɗora wa fitila laifin saurin mutuwa, su fara auna zafin gindinta da rawar wutar da ke ciyar da ita.