Yadda Ruwan Tiga Ya Jawo Masu Bincike Ƙasar Bagauda

Manomin da ke noman rani a ƙarƙashin ruwan Tiga ya saba da wani irin baƙo. Yakan zo da hantsi, da jaka a kafaɗa da takardar tambayoyi a hannu, ya yi sallama, ya tsuguna a kan kunya. "Baba, buhu nawa ka samu bara? Taki fa, a ina ka saya, nawa ne buhun?" Manomin ya jingine fartanya ya amsa, yaron ya rubuta, su yi ban kwana. Ɗalibin digiri na biyu ne ko na uku, daga Kano ko Zariya, wani sa'in ma daga Turai. Wannan zirga-zirga ta kai shekara hamsin ana yin ta, kuma tana da mafari.

Mafarin shi ne ruwa. Kogin Kano yana gangarowa ne daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, kafin ya iso Tiga a ƙasar Bebeji. Tun a shekarun 1960 masanan hukumar madatsun ruwa ta Amurka suka yi nazarin kogunan da ke malala zuwa Tafkin Chadi, suka nuna wuraren da za a iya datsewa. Da Audu Bako ya zama gwamnan Jihar Kano a 1967, sai ya riƙi maganar hannu biyu. Aka gina ƙaramin dam na Bagauda, sannan aka shiga babban aiki na Tiga, wanda aka kammala a 1974, tafkin da aka tsara zai riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan shi ya zana yadda za a raba ruwan a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, hekta 22,000 a kashi na farko. Lokacin ma ya taimaka: fari ya gasa Arewa daga 1972 zuwa 1974, kuɗin man fetur kuma ya yi tashin gwauron zabo a 1973. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi a baitulmali. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Tun ba a gama gini ba masu bincike suka iso, domin Jami'ar Ahmadu Bello ba ta da nisa, titin Kano zuwa Zariya kuma ta Kadawa ya ratsa. J. M. Baba ya rubuta kundin digirinsa na uku a tsakiyar shekarun 1970 a kan noman ƙasar Kura, yana auna yadda mutane ke noma tun kaka da kakanni da kuma yadda injiniyoyi ke so su koma yi. Richard Palmer-Jones, daga cibiyar binciken noma ta Samaru, ya bi diddigin gonar gwaji ta Kadawa, ya nuna cewa an faɗaɗa aikin ba tare da an tsaya an ɗauki darasin gwajin ba. Tina Wallace kuwa zama ta yi da manoma, rahotonta ya fito a 1979. Abin da ta gano bai yi wa mahukunta daɗi ba: dubban mutanen da tafkin ya tasa an mayar da su ƙasa marar albarka, diyya ta yi kaɗan, ƙaramin manomi ba ya iya kuɗin tarakta da taki da ruwa, don haka da rani sai ya ba da hayar gonarsa ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni, shi kuma ya koma ƙwadago a cikinta.

A ganina, aikin da ya fi kama zuciya a wancan zamani shi ne na Cecile Jackson, wadda ta zo tana ɗalibar bincike, tana sa hannu da sunan Sam Jackson. Ita mata ta bi. A lokacin akwai wani kamfani mai suna BUD, mai hedikwata a Beljiyam, da ke noman kayan lambu a filin aikin, musamman ɗanyen wake, ana ɗora shi a jirgin sama daga Kano zuwa kasuwannin Turai a lokacin da sanyi ya hana su noma. Masu tsinkar waken mata ne na ƙauyukan kewaye, yawancinsu dattijai da zawarawa waɗanda kulle bai hau kansu ba. A duba abin da kyau: tsohuwa ta sunkuya tun sanyin safiya tana tsinkar waken da ba ta san ɗanɗanonsa a miya ba, kwana biyu tsakani yana kan teburin wani a Turai. A 1977 matan nan suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada, Jackson ta rubuta labarin yajin aikin a wata mujallar nazarin siyasa da tattalin arzikin Afirka a 1978. Daga baya, a littafinta na 1985, ta kwatanta matan Musulmi da na Maguzawa, ta nuna cewa ruwa ɗaya bai yi musu tasiri iri ɗaya ba: na cikin kulle sun sami kasuwar dafaffen abinci a wurin 'yan ƙwadago, waɗanda ke noma da hannunsu kuwa sun yi asarar filaye da itacen da suke dogara da su. A wancan lokaci kalmar dunƙulewar duniya ba ta shiga bakin malamai ba tukuna, amma abin da take nufi ga shi nan ƙuru-ƙuru a cikin kwandon wake.

Sai maganar alkama, wadda ita ce ginshiƙin aikin tun farko. Bahaushe ya san alkama tun da daɗewa. Ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadama da jigo, a yi alkaki da finkaso da taliya. Abin da ya zo sabo shi ne burodi. Tun da aka buɗe babban injin fulawa a Apapa a farkon shekarun 1960, alkamar Amurka ta riƙa kwararowa, har ta haura tan miliyan ɗaya a shekara a farkon shekarun 1980. Gwamnati ta ce madatsun Arewa, Tiga da Bakolori da aikin kudancin Tafkin Chadi, su za su maye gurbinta. Gunilla Andrae da Björn Beckman, 'yan ƙasar Suwidin, Beckman yana koyar da kimiyyar siyasa a Zariya, suka bi maganar tun daga tashar jirgin ruwa zuwa gidan burodi zuwa gonar Kadawa. Littafinsu The Wheat Trap, wato tarkon alkama, ya fito a 1985. Hujjarsu a fili take. Alkama sanyi take so, hunturun Kano kuma gajere ne. In ba a shuka ta a tsakiyar Nuwamba ba, zafin Maris zai tarar da ita kafin ido ya cika. Manomi kuwa a Nuwamba dawarsa ba ta bar gona ba, kuma ba zai sare abincin gidansa don alkamar da ba shi zai ci ba. Saboda haka alkamar gida takan fi ta waje tsada nesa ba kusa ba, alƙawarin noma ta kuma sai ya zama dalilin ci gaba da shigo da ta waje, ana cewa kafin tamu ta isa.

Ba a jima ba aka gwada maganar a aikace. Gwamnatin Babangida ta shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, irin wanda Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ke so, sannan ta hana shigo da alkama daga farkon 1987. Farashi ya tashi, manyan mutane suka ruga noman alkama a Kano, fulawa kuma ta riƙa shigowa ta bayan gida daga maƙwabta. Kevin Kimmage na Jami'ar Kambirij ya rubuta yadda wannan rububi ya kasance da waɗanda suka ci ribarsa. Amurka ba ta daina matsa lamba ba, kafin ƙarshen 1992 an janye haramcin.

Wasu masu binciken kuma ƙasa suka bi da ruwan. Abin da aka tare a Tiga, ragi ne ga ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru duk damina, inda ake noman shinkafa da su da kiwo. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kimmage suka lissafa abin da fadamun ke samarwa, suka gano cewa in da yawan ruwa za a auna, amfanin fadama ya ninka na aikin Kogin Kano sau da yawa. Wannan lissafi ya zaga duniya, ana koyar da shi a darussan tattalin arzikin muhalli, a 2000 kuma aka sa wani sashe na fadamun cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu masu muhimmanci a duniya. Masuncin Nguru da manomin Bebeji ba su san juna ba, amma ƙofar dam ɗaya ke yanke musu hukunci.

Shi kansa Bagauda ya canza fuska. Dam ɗinsa ya ɓalle a Agustan 1988, ya yi ɓarna mai yawa. Cibiyar ICRISAT, mai hedikwata a Indiya, ta yi gonar binciken dawa a wurin. Otal ɗin bakin tafki, inda a da ake manyan tarurrukan ƙasa, ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya.

Yau yawancin masu ɗauke da takardar tambayoyi 'ya'yan gida ne, kuma wannan abin farin ciki ne. Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa a 2012, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin bincike bai ƙare musu ba: shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014 don gyara magudanai da miƙa kula da su ga ƙungiyoyin masu shan ruwa, masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, shekarar da wata tsutsa 'yar asalin Kudancin Amurka ta cinye gonakin tumatir, ga kuma tumatirin gwangwani na Sin mai araha a kasuwa, rufe iyakoki a 2019 da abin da ya yi wa shinkafar Kura, yaƙin Yukiren a 2022 da tsadar taki da fulawa.

Abu ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk wannan ilimi da Turanci aka rubuta shi, yana jibge a ɗakunan karatu na Samaru da Kano da Ingila. Jikokin matan da suka yi yajin aiki a 1977 suna nan a ƙauyukan, wasunsu sun yi boko, amma da wuya a sami wanda ya san an taɓa rubuta labarin kakarsa. Na taɓa jin wani dattijo a bakin magudana, bayan ya gama amsa tambayoyi, ya riƙe hannun ɗalibin ya ce, "Ɗana, in ka gama rubutun, ka dawo ka karanta mana abin da ka gano." Yaron ya ce in sha Allahu zai dawo, ya rubuta sunan ƙauyen a bayan littafinsa.