Masu Alƙalami a Filin Bori: Shekara Ɗari Ana Binciken Iskoki a Bakin Kwara

Kogin Kwara yana ratsawa tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin kafin ya shigo Najeriya ta wajen Lolo, ya keta ƙasar Bagudo a jihar Kebbi, ya gangara Yawuri. A kasuwannin wannan yanki, daga Illo da Tsamiya har ƙauyuka irin su Geza, kunne yakan ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a zama guda. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Paris a 1898 ita ce ta tsaga ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingilishi. Iyakar ba ta hana auratayya da fatauci ba, ba ta kuma hana iskoki tsallakawa ba. Abin da ta raba da gaske shi ne masu bincike: na gabas suka rubuta da Ingilishi a kan borin Hausawa, na yamma da arewa suka rubuta da Faransanci a kan bori da kuma holle na Zabarmawa. Mutanen bakin kogi, waɗanda suka san duka biyun, sai aka riƙa karanta su rabi da rabi.

Littafi na farko mai girma a kan bori ya fito daga hannun soja. Manjo A. J. N. Tremearne ya yi aiki a Najeriya ta Arewa a farkon mulkin mallaka, ya kuma karanci ilimin al'adun ɗan'adam a Jami'ar Cambridge. Da yake hukumar Turawa ta hana wasan bori a fili, sai ya bi sawunsa har Tunis da Tarabulus, wurin Hausawan da cinikin bayi ya kai kakanninsu can. A 1914 ya buga The Ban of the Bori, cike da sunayen iskoki da tufafinsu da abin da ake yanka wa kowanne. Shekara guda bayan haka aka kashe shi a yaƙin Loos a Faransa. Tremearne ya tattara da yawa, amma da idon zamaninsa: a wurinsa bori camfi ne na mutanen da ba su waye ba, abin a adana a takarda kafin ya gushe.

Wanda ya biyo baya ya zo da wata tambaya. Joseph Greenberg, Ba'amurken da daga baya ya shahara wajen rarraba harsunan Afirka dangi-dangi, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A littafinsa na 1946 ya nuna yadda iskokin gargajiya suka sami mazauni a cikin fahimtar Musulmi game da aljannu, har aka sami farare masu salla da baƙaƙe mazauna daji. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Malam Alhaji, da carbinsa da tarinsa na tsufa, yake zaune a jerin iskoki tare da Kure da Doguwa. A 1954 kuma Mary Smith ta fitar da Baba of Karo, tarihin wata tsohuwa da ta zauna a ƙasar Zazzau kamar yadda ta faɗa da bakinta. A nan ne mai karatu ya ji Bahaushiya tana maganar bori a matsayin abin cikin gida, mai alaƙa da haihuwa da ciwo da zaman aure.

A ɗaya gefen iyakar, labarin ya fara ne da tsawa. Jean Rouch injiniyan hanya ne da aka turo Nijar a 1941. A shekara mai biyowa aradu ta faɗa wa ma'aikatansa ta kashe goma. Abokinsa Damouré Zika, ɗan Sarkawa masunta, ya kai shi wurin kakarsa Kalia, wadda ta shirya wasan kiran Dongo, iskan tsawa, don a ji dalilin fushinsa. Abin da Rouch ya gani ran nan ya raba shi da aikin injiniya. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinsa a Gini har bakin teku, tafiyar da ta ratsa da su ruwan Illo da Yawuri. Daga nan ya shafe sama da shekara hamsin yana ɗaukar hotunan majigi na masu holle.

Fim ɗinsa da ya fi tayar da ƙura shi ne Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Akara a 1954. Tushensa yana ƙasar Filinge, inda wajen 1925 wasu sababbin iskoki suka bayyana a kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta. Iskokin Turawa ne da sojojinsu: gwamna, kumandan, kofur. Suna fareti, suna sara wa juna, suna wasa da wuta. Zabarmawa suka kira su Hauka, da kalmar Hausa, Hausawan Nijar kuma suna ce musu Babule. Kumandan Horace Crocicchia ya kama mabiyan ya ɗaure su a Yamai, amma ɗaurin bai kashe abin ba. Shi kansa sai ya zama iska a cikin jerin, da sunan Kumandan Mugu. 'Yan cirani suka kai Hauka ƙasar Gwalkwas, inda Rouch ya same su. Da aka nuna fim ɗin a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka suka ji an ci mutuncinsu, hukumar Ingilishi kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas. Shekaru bayan haka Ousmane Sembène na Senegal ya zargi Rouch da kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Zargin ya taɓa gaɓar da ta dami dukan wannan fanni: wa ke kallo, don wa, kuma da yardar wa.

Daga shekarun 1960 masana suka karkata ga neman amfanin bori a cikin zaman jama'a. I. M. Lewis, a littafinsa Ecstatic Religion na 1971, ya kawo ra'ayin da ya yi tashe: hawan iska hanya ce da marasa ƙarfi, musamman matan aure, suke bi su faɗi abin da ba su da bakin faɗa. Miji yana iya hana matarsa zane, amma yana shakkar hana iskan da ke kanta. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai rufe ko'ina ba. Jacqueline Monfouga-Nicolas a Maraɗi da Nicole Échard a ƙasar Adar sun nuna bori mai tsari da shugabanci. A Gobir kuwa, Inna 'yar gidan sarauta ce mai iko a kan masu bori, ba abar tausayi ba. Saboda ƙarfin irin wannan matsayi ne masana tarihi irin su Jean Boyd suke ganin Nana Asma'u ta ɗora wa jajis ɗinta malfa, alamar Inna, don ta juya martabar zuwa ga karantarwa. Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan garaya da goge a Kano, ya bayyana a 1983 yadda birnin iskoki, Jangare, yake da gidaje goma sha biyu ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu, da fadawa da malamai da mahauta da kutare, tamkar masarautar Hausa a madubi. Wanda aka yi wa girka ya zama doki ko goɗiya, kuma ba ya rabuwa da iskansa: ya daina zama majinyaci ya koma abokin zama.

Game da mutuwa da abin da ke bayanta, binciken ya fito da wani bambanci mai muhimmanci. A wasu sassan Afirka ruhin kakanni ne ke dawowa ya hau jikoki. Ian Stevenson na Jami'ar Virginia, wanda ya tattara labaran yaran da ke cewa sun taɓa rayuwa, ya sami abin rubutawa a ƙasar Ibo a shekarun 1980. A ƙasar Hausa iskoki halitta ce daban da mutane, ba mamata ba ne. Abin da ya shafi mutum shi ne kurwa, wadda ake cewa tana yawo lokacin barci kuma maye yana iya kamawa, da fatalwa, wadda ake tsoron ganinta bayan an yi rashi. Maganar kabari da hisabi kuwa ta malamai ce, kuma masu bori da kansu ba sa ja da su a kai. A wajen Zabarmawa ne aka sami dangin iskoki da ake kira Hargay, na sanyi, waɗanda ake dangantawa da mutuwa. Mai zaune a bakin Kwara yana jin waɗannan bayanai duka a kasuwa ɗaya.

Akwai tambayar da yawancin masana suka kauce wa: shin abin da ake faɗa yana aukuwa? Ƙa'idar fanninsu ita ce a rubuta abin da mutane suka yi imani da shi ba tare da yanke hukunci ba. Paul Stoller ya karya wannan shiru. Ya yi almajirci a hannun Adamu Jenitongo a Tilaberi, kuma a littafin In Sorcery's Shadow na 1987, wanda ya rubuta tare da Cheryl Olkes, ya ba da labarin daren da ya farka a garin Wanzarbe ƙafafunsa sun ƙi motsi, har sai da ya karanta abin da malaminsa ya koya masa. Wasu abokan aikinsa suka ce ya bar ilimi ya shiga tatsuniya. Wasu suka ce ya yi gaskiyar da saura suke ɓoyewa a littattafan ajiyarsu. Abin lura shi ne shaidarsa ta tayar da muhawara a jami'o'i saboda Bature ne ya faɗa, alhali dubban masunta da manoma sun daɗe suna faɗin irinta ana rubuta ta a babin camfi.

Hasashen Tremearne cewa abin zai gushe bai tabbata ba, sai dai kama ta sauya. Adeline Masquelier ta nuna a littafinta na 2001 yadda masu bori a Dogonduci suke kukan cewa salla ta kore su daga tsakiyar gari. A Kano kuma, a tsakiyar shekarun 1990, aka yi ta faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare, abin da aka danganta da wata aljana mai suna Sumbuƙa, kuma masu ruƙiyya ne suka karɓi aikin. Mai girka yana neman sulhu da iska, mai ruƙiyya yana neman fitar da shi, likitan ƙwaƙwalwa yana neman sunan cutar a littafinsa. Iyalin da 'yarsu ta faɗi sukan zaga wurin duka ukun, su kashe kuɗi a kowane, kuma wani lokaci farfaɗiyar da magani zai iya kwantarwa takan daɗe ba a gano ta ba. Murray Last, daga bincikensa a ƙasar Malumfashi, ya lura cewa majinyata da yawa ba su damu da sanin wane bayani ne daidai ba, sauƙi kawai suke nema.

Yau alƙalamin ya fara komawa hannun 'yan gida. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗan jihar Kebbi, ya yi rubutu da Hausa a kan magani da bori da ruƙiyya, kuma sassan nazarin Hausa a Sakkwato da Kano da Zariya sun tara kundaye masu yawa. Ɗan gida yana da nasa nauyin: yana tsoron a ce yana tallata shirka, yana kuma tsoron a ce ya ci amanar kakarsa. Amma shi ne yake jin kirarin ba tare da tafinta ba. Ɗalibin da ya tashi a Geza ko Illo, yana jin Hausa da Dandanci, yana riƙe da abin da Tremearne da Rouch ba su taɓa haɗawa ba. Abin da ya rage masa shi ne Faransancin da zai buɗe masa ɗaya rabin kundin, da kuma hanzari, domin tsofaffin Sarkawa da makaɗan goge da suka haddace sunayen ba sa jiran a gama neman kuɗin bincike.