Haruffan Didone

Didone salo ne na haruffan ɗab'i da aka sani da kaurin sandunansa na tsaye da kuma siririn layin kwance mai kama da zaren gashi. Firmin Didot ya fara sassaƙa irinsa a Faris wajen 1784, yayin da Giambattista Bodoni ya kyautata shi a birnin Parma na Italiya. Matar Bodoni ce ta wallafa kundinsa, Manuale Tipografico, a 1818, shekara biyar bayan rasuwarsa.

Mujallun kwalliya irin su Vogue da Harper's Bazaar sun ɗauke shi a matsayin tambarinsu. Salon ya fi dacewa da kanun labari da allunan talla, domin a ƙaramin rubutu ko kan takarda mai araha siraran layukan kan ɓace.