Sunan Ɓoye Kafin Sunan Yanka: Tarihin Manhajojin Buɗe Shafukan Intanet

A al'adar Hausawa, jariri yakan yi kwana bakwai kafin a raɗa masa suna. Bayan an raɗa ma, sau da yawa lakabi ne yake binsa, kamar Ɗanladi ko Tanko ko Gambo. Masu ƙirƙirar manhajar kwamfuta su ma suna da irin wannan al'ada. Kafin su fitar da manhaja kasuwa, sukan ba ta sunan ɓoye wanda ma'aikata da masu gwaji suke kiranta da shi. Manhajar buɗe shafukan intanet, wadda ake kira burauza, tana da dogon tarihi na irin waɗannan sunaye, kuma tarihin ya shafi yadda ake rubuta Hausa a yau.

Farkon Al'amari

A shekarar 1994 kamfanin Netscape na Amurka ya fara aikin burauzarsa. Ma'aikata suka yi mata lakabi da Mozilla, daga sunan Mosaic, burauzar da suke son kayarwa, da Godzilla, dodon finafinan Japan. Da ta fito a watan Disamba na shekarar, sunanta na yanka Netscape Navigator ne. Kamfanin Microsoft ya biyo baya a watan Agusta na 1995 da Internet Explorer. Sunanta na ɓoye O'Hare, wato filin jirgin saman birnin Shikago, domin Windows 95 kanta ana kiranta Chicago kafin ta fito.

Daga nan gasa ta yi zafi. Kowane kamfani yana ƙara wa burauzarsa abubuwan da ta abokin hamayya ba ta gane su ba. Shafin da ya fito tsaf a wannan sai ya hargitse a waccan. Masu tsara shafuka suka koma yin aiki biyu, ko kuma su liƙa sanarwa cewa shafin ya fi kyau a burauza kaza.

Mece ce Ƙa'ida?

A kasuwar hatsi, idan kowane ɗan kasuwa ya zo da nasa mudu, ciniki ba zai yi daɗi ba. Ƙa'idojin intanet su ne mudun da kowa ya yarda da shi. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙago yanar gizo, ya kafa ƙungiyar W3C a watan Oktoba na 1994 don ta tsara su. Ta fitar da CSS, ƙa'idar fasalin shafi, a 1996, sannan HTML 4.0 a 1997. Amma rubuta ƙa'ida daban, binta daban. Shi ya sa wasu masu tsara shafuka suka kafa ƙungiyar Web Standards Project a 1998 don matsa wa kamfanoni lamba.

A ranar 31 ga Maris na 1998 Netscape ta saki asirin manhajarta ga duk mai son gyarawa, tsohon lakabin nan Mozilla kuma ya zama sunan aikin. A ƙarshen shekarar aka yi watsi da tsohon injin da ke zana shafi, aka ɗauki sabo mai bin ƙa'ida. An fara kiransa Raptor, daga baya ya zama Gecko, wato tsaka. Wannan shawara ta ci shekaru, kuma kafin a gama Internet Explorer ta mamaye fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da intanet. Bayan Internet Explorer 6 ta fito a 2001, sai da aka yi shekara biyar kafin ta 7 ta zo.

Sunayen Gandun Daji

Daga cikin aikin Mozilla wata ƙaramar burauza ta fito a 2002 da sunan Phoenix. Wani kamfani ya ce sunansa ne, sai aka mayar da ita Firebird a 2003. Nan ma aka tarar wata manhaja tana da sunan. A Fabrairun 2004 ta zama Firefox, ta farko kuma ta fito ran 9 ga Nuwamba na shekarar.

Bayan haka kowace sabuwar Firefox ta riƙa samun sunan ɓoye. Deer Park ita ce ta zama Firefox 1.5 a 2005. Bon Echo, wani gandun daji na Kanada, ta zama ta 2 a 2006. Gran Paradiso na Italiya ta zama ta 3 a 2008, Shiretoko na Japan ta zama 3.5 a 2009, Namoroka na tsibirin Madagaska kuma ta zama 3.6 a 2010. Dalilin sunayen a fili yake. Manhajar gwaji tana cike da kurakurai. Idan aka kira ta Firefox, mutane za su sauke ta suna zaton an gama, in ta lalace kuma sunan ya ɓaci. Wadda ake haɗawa kowane dare ma an kira ta Minefield, wato filin nakiyoyi, don gargaɗi.

A cikin waɗannan manhajojin gwaji ne ake fara ganin ko kamfani ya cika alkawarin bin ƙa'ida. A watan Afrilu na 2005 aka fitar da wata jarrabawa mai suna Acid2. Shafi ne guda: burauzar da ta bi ƙa'ida za ta nuna fuska mai murmushi, wadda ba ta bi ba sai fuskar ta wargaje. Ran da aka fitar da ita babu babbar burauzar da ta ci. Safari ta kamfanin Apple ce ta fara ci a Oktoban 2005. Opera 9, mai lakabin Merlin, ta ci a 2006. Firefox ta fara ci tun tana Gran Paradiso, Internet Explorer kuwa sai a ta 8, a 2009.

Ina Ruwan Hausa?

Tun shekarun 1930 rubutun boko yake amfani da haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Ƙa'idar rubutun Jamhuriyar Nijar ta ƙara da ƴ, inda Nijeriya take rubuta 'y. Tsarin Unicode ya ba kowannensu lambarsa tun farkon shekarun 1990, HTML 4.0 kuma ta amince da tsarin. Duk da haka, idan nau'in rubutun da shafi ya zaɓa ba shi da harafin, Internet Explorer 6 takan nuna ɗan akwati fanko a gurbinsa, alhali injin Gecko yakan lalubo harafin daga wani nau'in rubutu da ke cikin kwamfutar. Saboda haka marubuta da yawa suka jefar da lanƙwasa, wasu suka rubuta k' ko 'd. Fada da faɗa suka zama ɗaya, haka baki da baƙi, mai koyon Hausa kuma ya rasa yadda zai furta abin da yake karantawa. Shiretoko ce ta kawo wa Firefox damar shafi ya taho da nasa nau'in rubutu, abin da ya rage wannan matsala ƙwarai.

Garin Malanville na arewacin Jamhuriyar Benin misali ne na inda wannan yake da amfani. Yana bakin kogin Kwara, gada ce ta haɗa shi da ɓangaren Gaya ta Nijar, kuma kasuwarsa tana tara Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa. Bahaushen da ke can zai iya karanta shafin da aka rubuta a Kano da 'y, ya karanta na Maraɗi da ƴ, ga kuma Faransanci da nasa haruffa, duk a waya ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi wace burauza yake riƙe da ita.

Kammalawa

Al'adar ta sauya a 2011. Bayan Firefox 4, mai lakabin Tumucumaque na ƙasar Barazil, Mozilla ta koma fitar da sabuwa duk bayan makonni kaɗan, sunayen gandun daji suka ƙare. Chrome ta kamfanin Google tana kiran ta gwajinta Canary, wato kanari, tsuntsun da masu haƙar kwal suke shiga rami da shi a da don ya nuna musu iska mai guba. Microsoft ta yi wa sabuwar burauzarta lakabi da Spartan kafin ta zama Edge a 2015, sannan ta yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yuni na 2022. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne ƙa'idojin da aka yi ta gwadawa a ƙarƙashin waɗannan sunaye. Haruffan Hausa yanzu suna fitowa a kowace babbar burauza, sauran aiki yana hannun marubuci: ya sa lanƙwasa inda ta dace.