Sha-kauci da Bado a Yankin Gallabat

Sha-kauci da bado halittu biyu ne da ake samu a yankin Gallabat, garin da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan, daura da Metema ta ƙasar Habasha. Rayuwar kowannensu tana rataye ne da fure, amma ɗaya bai dogara da ɗaya ba.

Sha-kauci ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai shan ruwan fure, daga dangin Nectariniidae. Nau'in Cinnyris pulchellus ya bazu daga Senegal har Sudan da Habasha. Tsawonsa kusan santimita 10 ne, ban da dogayen gashin wutsiya biyu na namiji. A lokacin aure namijin kore ne mai sheƙi, ƙirjinsa ja, gefensa rawaya. Macen kuwa launinta a dushe yake. Akan kwatanta shi da hummingbird na nahiyar Amurka, sai dai ba dangi ba ne. Wancan yakan tsaya cik a iska yana sha, shi kuwa sha-kauci ya fi sauka kan reshe ya zura lanƙwasasshen bakinsa cikin fure. Yana kuma cin ƙwari da gizo-gizo.

Bado, wato Nymphaea lotus, tsiro ne na tafki da kududdufi. Tushensa na cikin laka, faffaɗan ganyensa mai gefe kamar haƙoran zarto yana shimfiɗe bisa ruwa. Farin furensa yana buɗewa da dare, ya rufe da hantsi. Ana samun sa a fadamun da ake kira maya a gandun dajin Dinder da aka kafa a 1935, kudu maso yammacin Gallabat. Hausawa suna cin tushensa da 'ya'yansa, musamman a shekarun yunwa.

Bambancinsu ya fi bayyana wajen barbara. Sha-kauci da rana yake kiwo, kuma dogon fure mai siffar bututu yake nema, irin na kauci, wanda ke fashewa idan tsuntsun ya taɓa shi, ya watsa masa garin fure a ka. Furen bado a buɗe yake kamar akushi, kuma ƙwarin dare da ƙudan zuma ne ke kai garinsa daga fure zuwa fure.

Idan rani ya yi, sha-kauci yakan bi inda itatuwa ke fure. Bado kuwa ganyensa yana bushewa, tushen ya zauna a busasshiyar laka har ruwan damina ya sake cika tafkin.